Dawa da masara duk kuromosom 20 gare su, to me ya sa DNA ɗin masara ya ninka na dawa sau uku?

Ɗalibar_Noma: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamanmu da ke wannan zaure. A darasin kimiyyar gadon halitta an koya mana cewa dawa tana da kuromosom 20, wato saiti biyu goma-goma, a kowane tantanin jikinta, masara ma 20 ɗin gare ta, kuma dukansu 'yan gida ɗaya ne a dangin ciyayi. Amma da aka zo kan girman jinom, wato jimillar DNA da ke cikin saiti ɗaya na kuromosom, sai aka ce na dawa haruffa, wato ƙananan sinadaran da ke jere a zaren DNA, kimanin miliyan 730 ne, na masara kuwa kimanin biliyan 2.3, ninki uku ke nan har da ɗoriya. Idan adadin kuromosom ɗaya ne, ina wannan ƙarin ya shiga? Ni dai zatona shi ne masara ta fi dawa yawan ƙwayoyin gado sau uku, shi ya sa ƙwayarta ta fi girma, amfaninta kuma ya fi yawa. Wanda ya san gaskiyar lamarin ya taimaka mini.

ManominDamina: Wa alaikumus salam. Ni ba masanin fannin ba ne, amma hasashenki ya shiga hankalina. Duk wanda ya ɗora ƙwayar masara kusa da ta dawa ya san akwai tazara, kuma idan taki ya wadata, buhunan da kadada ɗaya ta masara za ta bayar dawa ba ta kai su. Ba zan yi mamaki ba idan aka ce daga nan bambancin ya taso.

Malam_Tsirrai: Tambayar ta yi kyau ƙwarai, sai dai zaton bai dace da abin da aka gano ba. An wallafa jerin haruffan jinom ɗin dawa da na masara duk a shekarar 2009, kuma ƙidayar ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin a kowannensu tana tsakanin dubu 30 da dubu 40. Masara ta ɗan fi, amma ko kusa ba ninki uku ba. Shinkafa ma, wadda jinom ɗinta bai kai haruffa miliyan 400 ba, adadin ƙwayoyin gadonta yana cikin wannan zangon.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne abubuwa uku ne daban: adadin kuromosom, yawan DNA, da adadin ƙwayoyin gado. Kuromosom tamkar dami ne. Mutum biyu za su iya ɗaure dami goma-goma, amma na wannan yaro ya ɗauka da hannu ɗaya, na wancan sai an kama wa ƙato, domin an ɗaure shi har da kara da ganye alhali zangarniyar da ke ciki kusan ɗaya ce. Kuromosom ɗin masara sun fi na dawa tsawo ne, kuma abin da ya tsawaita su shi ne DNA mai maimaita kansa da ya cika tsakanin ƙwayoyin gado. Masana sun daɗe da lura cewa yawan DNA ba ya tafiya da sarƙaƙiyar halitta, tun kafin a iya karanta shi, kuma a 1971 ne wani masani mai suna C. A. Thomas ya kira abin da ɗaurin kai. Albasa tana da haruffa kimanin biliyan 16, ɗan Adam kuwa biliyan 3 da 'yan kai, ba kuma wanda zai ce albasa ta fi mutum sarƙaƙiya sau biyar.

Ɗalibar_Noma: Na gode, Malam. To shi wannan DNA mai maimaita kansa daga ina yake fitowa, kuma ta yaya ya taru a masara bai taru haka a dawa ba?

Dakta_Jinom: Bari in ɗora a kan bayanin Malam_Tsirrai. Akwai wasu gutsattsarin DNA da ke iya sauya mazauni a cikin jinom. Barbara McClintock ce ta fara gano su, a cikin masara, a shekarun 1940, ta hanyar bin diddigin ɗigo-ɗigon launin da ke fitowa a jikin ƙwaya. An daɗe ba a ba aikin nata muhimmancin da ya kamata ba, sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel. Waɗanda ta gano irin masu tashi daga wuri su sauka a wani ne. Amma waɗanda suka kumbura jinom ɗin masara wani rukuni ne daban, masu kwafin kansu: gutsuren yana nan inda yake, sai tantani ya karanta shi zuwa RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA da ke ɗaukar kwafin saƙonsa, a mayar da RNA ɗin DNA, sabon kwafin ya je ya liƙe a wani wuri. Kowane kwafi yana iya kai haruffa dubu goma, kuma shi ma yana iya haifar wani. Idan zuriya ɗaya ta irin waɗannan ta sami sarari, sai ta yi kwafi dubbai, wani ma ya faɗa cikin wani, na uku ya faɗa cikin na biyu.

Kimanin kashi 85 cikin ɗari na jinom ɗin masara irin waɗannan gutsattsari masu yawo ne, kuma binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna mafi yawan masu kwafin kan nan sun shiga ne cikin shekaru miliyan uku da suka wuce, wato bayan da masara da dawa suka rabu da nisa, domin rabuwar tasu ana ƙiyasta ta da shekaru miliyan 12. Dawa ma tana da su, sun haura rabin jinom ɗinta, sai dai sun fi taruwa a yankin tsakiyar kuromosom, suka bar gefuna da ƙwayoyin gado kusa da juna. A masara kuwa kusan ko'ina sun bazu.

Hajiya_MaiKayanMiya: Ni abin da na karanta a wannan fanni ya fi shafar kayan lambu, kuma ina ganin misalin ya fi na hatsi fitowa fili. Tumatir da tattasai 'yan dangi ɗaya ne, kowannensu kuromosom 24. Jinom ɗin tumatir kimanin haruffa miliyan 900 ne, na tattasai kuwa ya kai wajen biliyan 3.5, kusan ninki huɗu, kuma dalilin shi ne wanda Dakta ya faɗa, ba tare da an ninka ko kuromosom ɗaya ba. Gauta da yalo ma 24 ɗin ne. Dankalin Turawa ne ya fita daban da 48, domin shi saiti huɗu gare shi. Saboda haka a faranti ɗaya na kayan miya za a iya samun hanyoyin nan biyu: wanda ya ƙaru ta tsawon kuromosom, da wanda ya ƙaru ta yawansu.

Tsohon_MaiƊakinGwaji: 'Yata Ɗalibar_Noma, abin da ake gaya miki ana ganinsa da ido, kuma ina ba ki shawara ki nemi a nuna miki. Ki ɗora albasa a bakin kofin ruwa yadda gindinta kaɗai zai taɓa ruwan, cikin 'yan kwanaki za ta fitar da fararen saiwoyi. Ana yanke ƙarshen saiwar, ɗan tsinin nan mai launin madara, a jiƙa shi a maganin da ke tsayar da rabuwar tantani a daidai lokacin da kuromosom suka dunƙule, a tausasa shi da asid mai ɗumi, a sa rini, a rufe da siririn gilashi, sannan a danna da babban yatsa a miƙe ba tare da an murza ba. Idan aka murza, komai ya watse. A ƙarƙashin maikiroskof za ki ga kuromosom 16 na albasa zara-zara, masu lanƙwasa, ɗalibin shekarar farko ma zai ƙirga su. Ki gwada haka da saiwar dawa ki ga bambanci: 'yan ɗigo-ɗigo ne da sai an kai gilashin ƙarshe an ɗiga mai, kuma sau da yawa biyu sun hau kan juna har mutum ya ƙirga 19 ya rantse. A wurin da na yi aiki wutar lantarki ba ta zama, mukan juya madubin maikiroskof ɗin wajen taga mu yi da hasken rana, kuma da wannan hasken albasa takan fito sarai, dawa kuwa sai haƙuri.

Awon yawan DNA kuma wata na'ura ce daban. Ana daddatsa ɗan ganye da reza a cikin ruwan magani mai sanyi tare da ganyen wani tsiro da aka riga aka san girman jinom ɗinsa, a tace, a sa rinin da ke kama DNA, na'urar ta auna hasken kowace cibiyar tantani yayin da take wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon yana fitowa da nauyi, kuma fikogiram ɗaya, wani ƙanƙanin ma'aunin nauyi, daidai yake da haruffa miliyan 978.

Bakatsine_92: Ina da ja a kan wani abu da kowa ya wuce shi, har da Malam_Tsirrai. Ana ta cewa dawa 20, masara 20, kamar dai 20 ɗin iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Bayan rabuwarsu, kakan masara ya ninka jinom ɗinsa gaba ɗaya, ya zama mai saiti huɗu, abin da bai faru ga dawa ba. Da lissafi ya tsaya nan, da masara tana da 40 yau. Sai dai a tsawon zamani kuromosom ɗin sun karye sun haɗe da juna har adadin ya sauko ya koma goma a kowane saiti, kuma aka zubar da ɗaya daga cikin tagwayen ƙwayoyin gado masu yawa. Shaidar tana nan: idan aka jera jinom ɗin biyu, kusan kowane yanki na dawa yana da takwarori biyu a wurare daban-daban a masara. Don haka daidaituwar adadin dace ne kawai, kuma ba daidai ba ne a ce ninki bai taka rawa ba.

Malam_Tsirrai: Ƙarin Bakatsine_92 gaskiya ne kuma yana da muhimmanci. Abin da zan tsaya a kai shi ne girman rawar. Ninkin ya bar wa masara tagwayen ƙwayoyin gado da dama, amma ƙwayoyin gado duka-duka ɗan ƙaramin kaso ne na jinom ɗin. Idan ana tambayar inda haruffa biliyan ɗaya da rabi na ƙari suka fito, amsar tana wajen masu kwafin kansu, waɗanda suka zo daga baya.

Bakatsine_92: Ban musa ba, Malam, amma akwai masu ganin cewa ninkin ne ya buɗe musu ƙofa, domin idan kowace ƙwayar gado tana da madadi, gutsuren da ya faɗa cikin ɗaya ya lalata ta ba zai kashe tsiron ba. Ba na cewa an tabbatar da hakan a masara, ina cewa dai raba abubuwan biyu kamar ba su da alaƙa yana iya zama gaggawa.

Ummu_Hatsi: Tunda an zo maganar haɗewar kuromosom, ya kamata a faɗaɗa ta zuwa sauran hatsi, domin a nan ne abin ya fi ban sha'awa a wurina. A saiti ɗaya shinkafa tana da 12, dawa 10, acca 9, gero 7, alkama da sha'ir 7. Masu kwatanta jinom sun nuna cewa kakan waɗannan ciyayi, bayan wani tsohon ninki da ya faru shekaru miliyan 70 ko fiye da suka wuce, yana da 12, kuma shinkafa ce ta fi riƙe wannan tsari. Sauran sun sauko ne ta wata hanya mai ban mamaki: kuromosom guda ya shige tsakiyar wani, gefunansa biyu suka liƙe a cikin wancan, biyu suka zama ɗaya ba tare da an yi asarar ƙwayoyin gado masu yawa ba. Dawa ta yi irin wannan sau biyu, dangin alkama sau biyar.

Ku lura kuma cewa raguwar adadi ba ta nufin raguwar DNA. Gero mai 7 yana da haruffa kimanin biliyan 1.8, ya ninka shinkafa mai 12 fiye da sau huɗu. Alkamar burodi irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa saiti shida gare ta, kuromosom 42, haruffa wajen biliyan 16, kuma kuromosom ɗinta guda ɗaya, wanda ake kira 3B, ya fi dukan jinom ɗin dawa girma. A cikin dangin dawa kanta akwai na daji masu kuromosom 10 kacal a tantani, amma kowane ɗaya ya fi na dawar gida girma nesa ba kusa ba.

Ɗan_Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Maganar gero ta sa zan sa baki, domin a nan ne adadin kuromosom ke shafar manomi kai tsaye. Kowa a wajenmu ya san shibra, wadda ke fitowa a gonar gero, tana kama da shi tun tana ƙarama har mai noma ya bar ta, sai ta yi kai sannan a gane ta: zangarniya siririya, ga gashi, kuma da ta nuna ko iska ta kaɗa sai ƙwayar ta zube ƙasa, ta jira baɗi. Shibra da gero da geron daji duk 14 gare su, kuma kuromosom ɗinsu suna haɗuwa biyu-biyu lafiya, shi ya sa suke barbarar juna, 'ya'yan su haihu, ba a rabuwa da ita. Amma ciyawar dabbobi da ake kira Napier, wadda ita ma 'yar'uwar gero ce ta kusa, tana da 28. Idan aka haɗa ta da gero ana samun tsiro mai 21, mai yawan ganye da dabbobi ke so, sai dai ba ya yin iri, domin 21 ba ya rabuwa gida biyu daidai. Da kara ake dasa shi. Dalilin da ya hana ayaba yin iri a cikinta ke nan, ita ma saiti uku gare ta, 33.

ManominDamina: Wannan na shibra na fahimce shi sarai, don muna fama da ita. To gyaɗa fa? Na taɓa jin an ce ita ma haɗin tsirrai biyu ce, kuma wai shi ya sa ba ta da ƙarfin jure cuta, har cutar nan ta 1975 ta gama da gyaɗar Arewa dalar gyaɗa ta zama tarihi.

Dakta_Jinom: Rabin farko haka yake. Gyaɗa tana da kuromosom 40, saiti huɗu, haruffa kimanin biliyan 2.7, kuma ta samu ne daga haɗuwar wasu na daji biyu masu 20-20, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, a yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, shekaru kimanin dubu goma da suka wuce. Ninkin ya raba ta da danginta na daji, domin mai 40 da mai 20 ba sa ba da 'ya'ya masu haihuwa cikin sauƙi, sai ta taso da ƙarancin bambancin gado. Masu kyautata iri suna zagaye wannan katanga ta hanyar haɗa na dajin biyu da kansu, su ninka kuromosom ɗin da magani, sannan su haɗa da gyaɗar gida, kuma an yi irin wannan aiki a Senegal.

Rabi na biyu kuwa yana buƙatar gyara. Annobar 1975 ƙwayar cutar bairos ce da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, kuma juriyar da aka fara samu a kanta an same ta ne a cikin gyaɗar gida ta manoman Afirka ta Yamma, a yankin iyakar Burkina Faso da Kwaddebuwa, ba a na daji ba. Bacewar dala kuma ta haɗa da fari da sauyin tattalin arziki bayan zuwan kuɗin man fetur. Ba za a ɗora wa kuromosom wannan nauyin duka ba.

Auduga_Funtuwa: Auduga ta haɗa duk abin da kuke faɗa a gida ɗaya. Nau'o'inta masu saiti biyu duk 26 gare su, amma na nahiyar Amurka jinom ɗinsu bai kai biliyan ɗaya ba, wasu na Afirka da Asiya kimanin biliyan 1.7, wasu na Ostareliya kuma sun haura biliyan biyu. Adadi bai motsa ba, girma ya ninka kusan sau uku. Sannan shekaru miliyan ɗaya zuwa biyu da suka wuce, irin na Afirka da Asiya ya haɗu da na Amurka, aka sami mai 52, kuma jikokinsa ne audugar da muke nomawa yau. Yadda iri ya ƙetare teku tun babu jirgi, ana kyautata zaton ruwa ne ya ɗauke shi.

Injiniya_Zazzau: Ina bin muhawarar tun farko, kuma tambayata ita ce: shin wannan tarin DNA yana da wani tasiri a kan tsiron, ko kuwa kaya ne kawai yake ɗauke da shi? Idan ba shi da amfani kuma yana da tsada, me ya hana a zubar da shi tuntuni?

Ummu_Hatsi: Yana da tasiri ko da ba a karanta abin da ke cikinsa ba, domin girma kansa yana da sakamako. Cibiya mai yawan DNA tana buƙatar babban tantani, kuma kwafe ta kafin kowace rabuwa yana ɗaukar lokaci. An auna a tsirrai masu yawa an ga cewa masu babban jinom suna da manyan ƙofofin numfashi a ganye amma kaɗan, masu ƙarami kuwa ƙanana masu yawa, waɗanda suka fi saurin buɗewa da rufewa. Michael Bennett ya nuna tun 1972 cewa tsirran da ke kammala rayuwarsu cikin 'yan makonni duk masu ƙaramin jinom ne, masu manya sosai kuwa sai dai su zama masu shekaru, galibi masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa irin dangin albasa. Sannan DNA yana cin naitirojin da fosfaras. A filin gwajin ciyawa na Rothamsted a Ingila, wanda ake zuba wa taki iri-iri tun 1856, an tarar masu babban jinom sun fi rinjaye ne a fulotan da aka ba sinadaran biyu tare. A masara kanta ba kowane iri ke da girma ɗaya ba: irin da manoma ke shukawa a kan tsaunukan Meziko da Kudancin Amurka jinom ɗinsu ya fi na kwari ƙanƙanta, kuma an danganta hakan da buƙatar yin fure da wuri inda damina take gajera ga sanyi.

Ɗan_Maraɗi: Hajiya Ummu_Hatsi, a yi hattara kada ƙa'idar ta wuce inda ta tsaya. Ke da kanki kin ce jinom ɗin gero ya kai biliyan 1.8, na dawa miliyan 730. Amma a gonakinmu gero ne ke riga dawa nuna, shi ne kuma ke rayuwa a jigawar da ruwa da taki suka yi ƙaranci har dawa ta gaza. Da girman jinom ne ke yanke hukunci, da akasin haka za a gani.

Ummu_Hatsi: Hujjarka tana da ƙarfi, Malam. Alaƙar da na ambata tana bayyana ne idan aka jera ɗaruruwan tsirrai, kuma ta fi zama iyaka a can sama: mai ƙaton jinom ba zai iya sauri ba, amma mai ƙarami ba dole ne ya yi sauri ba. Gero da dawa duk suna cikin zangon da sauran halaye suka fi rinjaye, kamar zurfin saiwa da yadda tsiro ke jin tsawon yini kafin ya yi fure. Dawarmu ta gargajiya tana jiran yini ya gajarta ne, ba jinkirin rabuwar tantani ke riƙe ta ba.

Dakta_Jinom: Sashe na biyu na tambayar Injiniya bai sami amsa ba tukuna. Ana zubarwa, kuma girman da muke gani sakamakon ja-in-ja ne tsakanin ƙari da ragi. A 1997 Jeffrey Bennetzen da Elizabeth Kellogg sun tayar da tambayar ko jinom ɗin tsirrai ƙaruwa kawai yake yi ba ya raguwa, bincike na baya kuma ya nuna hanyoyin ragi. Masu kwafin kan nan suna da jeri iri ɗaya a gefunansu biyu, wani lokaci gefunan su haɗu, a fizge tsakiyar, a bar guntu ɗaya a matsayin tabo. Haka kuma duk lokacin da DNA ya tsinke aka ɗinke shi, akan yi asarar 'yan haruffa. Ban da wannan, tantani yana sa musu wata alamar sinadari da ke rufe musu baki su daina kwafi.

Dangin shinkafa sun nuna ɓangarorin biyu, dukansu da kuromosom 24. Oryza australiensis ta Ostareliya ta kai kimanin miliyan 965, kuma zuriya uku kacal na masu kwafin kai ne suka ninka ta cikin shekaru miliyan uku. Oryza brachyantha, shinkafar daji ta nan Afirka, ba ta kai miliyan 300 ba. Haka Arabidopsis thaliana, ɗan tsiron da masu bincike suka fi amfani da shi, ya sauko daga 8 zuwa 5 a saiti, jinom ɗinsa kuma ya ragu zuwa wajen miliyan 130, alhali ɗan'uwansa Arabidopsis lyrata yana nan da 8 da sama da miliyan 200. Da aka kwatanta su, an tarar ragin ya zo ne ta dubban ɗaruruwan ƙananan gutsurewa, ba ta yanke babban yanki ɗaya ba.

Bakatsine_92: Kuma kada a ɗauka dukansu kaya ne marasa amfani. Ɗaya daga cikin sauye-sauyen da suka mayar da ciyawar teosinte masara, wato raguwar rassa har tsiron ya zama kara ɗaya miƙaƙƙe, an gano cewa wani mai kwafin kai ne ya sauka a gaban ƙwayar gadon da ake kira tb1 ya ƙara mata ƙarfin aiki, manoman farko a Meziko kuma suka zaɓi wannan siffar. Ɗaya ne cikin dubban ɗaruruwa, amma da shi aka sami masarar da ake maganar nan a kai.

Hajiya_MaiKayanMiya: Don a san faɗin tazarar: mafi ƙanƙanta da aka auna a tsirrai masu fure suna cikin dangin Genlisea, masu cin ƙananan halittu, kimanin miliyan 61. Mafi girma da aka sani a yanzu wani ɗan tsiro ne marar fure na tsibirin Sabuwar Kaledoniya, Tmesipteris oblanceolata, da aka ba da rahotonsa a 2024 da biliyan 160, ya ture Paris japonica ta Japan mai biliyan 149. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ɗalibar_Noma: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gane yanzu cewa 20 ɗin masara da 20 ɗin dawa ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma ƙarin ba na ƙwayoyin gado ba ne. Amma rabin tambayata ta biyu tana nan. An faɗi yadda masu kwafin kai ke ƙaruwa da yadda ake rage su, ba a faɗi abin da ya sa suka ɓalle a masara da tattasai, suka lafa a dawa da tumatir ba. Shin masara ce ta gaza rufe musu baki, ko kuwa ta fi dawa jinkirin zubarwa?

Malam_Tsirrai: A nan ne masana da kansu suka rabu. Wasu suna ɗora abin a kan ɓallewar lokaci-lokaci: sabuwar zuriya ta bayyana wadda tantani bai riga ya gane ta ba, ta yi kwafi dubbai kafin a rufe ta, kuma haɗuwar jinsi biyu ko matsin yanayi na iya tayar da waɗanda suka kwanta. Wasu suna kallon yawan al'ummar tsiron, suna cewa inda tsirrai suka yi kaɗan, zaɓin yanayi ba ya da ƙarfin share abin da cutarwarsa ƙanƙanuwa ce. Wasu kuma suna duba yadda ake barbara, domin masara iska ce ke kai mata garin fure daga wata, dawa kuwa galibi kanta take yi wa.

Ɗan_Maraɗi: Wannan na ƙarshe ya dace da gero, shi ma daga wani yake karɓa, jinom ɗinsa kuma ya fi na dawa. Amma alkama da sha'ir kansu suke yi wa barbara, ga su kuma da biliyoyi. Tattasai da tumatir ma duk galibi kansu suke yi wa, tazarar kuma tana nan.

Tsohon_MaiƊakinGwaji: Akwai abin da za a iya aunawa a nan gida. An ga bambancin girma tsakanin irin masarar tudu da ta kwari a Amurka, kuma mu ma muna da kaura da farafara da sauran dawar gargajiya tun daga Sahel har zuwa tsaunin Jos, ga kuma masakwa da ake dasawa bayan ruwa ya janye a yankin Tafkin Chadi. 'Yata, idan lokacin zaɓen aikin bincikenki ya zo, ki tambayi malaminki ko akwai inda za ku sami na'urar awon, ganye ɗanye kaɗan take buƙata daga kowane iri, sai dai dole a kai shi da sanyinsa kafin ya yi yaushi.